Ƙafar Sahabi da Zakaran Malam Labbo

“Ka ji sharaɗina, ko in sake faɗi?”

Malam Labbo maɗori ne ya yi tambayar. Yana durƙushe a ɗakin majiyyata da ke gefen zaurensa a Bungudu, hannunsa a kan ƙwaurin mutumin da aka sauke masa daga motar gyaɗa da hantsi. Ƙafar ta kumbura ta yi suntum, ƙashin ya karye taƙi guda ƙasa da gwiwa.

Sahabi ya share gumi da bayan hannu. “Sake faɗi, Baba. Zafi ya toshe mini kunne.”

“Zan karya ƙafar zakara, in ɗaure ta yadda zan ɗaure taka. Ba ka taka ƙasa sai ran da ya taka. Wannan na ɗori ne, kowa haka nake yi masa. Sauran biyun naka ne kai kaɗai. In ka tashi, kai da tamaula har abada, ga gona can bakin gulbi, ka kama fartanya kamar kowane ɗa. Sannan ka taka da ƙafarka har masallaci kafin a ga watan azumi. In ka cika, Saude taka ce. In wata ya tsaya kana kwance, zan ba Mas'udu amsar da yake jira. Ba zan ba gurgu marar gona ɗiyata ba.”

“Ita ta san da wanga zance?”

“Bazawara ce, ba a yi mata dole. Na tambaye ta kafin in shigo. Ta ce ta yarda, ko ta wane gefe ya faɗi.”

“Kwana nawa ya rage ga watan?”

“Arba'in ba biyu.”

Sahabi ya daɗe yana kallon rufin ɗaki. Shekara guda cur yana aiko manya gidan nan, ana mayar da su da goronsu. Sai yau da aka shigo da shi a kan buhu kamar kayan awo ƙofa ta buɗe.

“Na yarda.”

“To, ciji wanga tsumma.”

Ihun da ya yi har masu wanki a gulbi sun ji shi. Can cikin gida Saude ta saki tabarya, ta zauna a ƙasa.

*

Wanda bai san Gusau ta shekarar da jirgin ƙasa ya iso ba zai yi mamakin a ce ƙato da gemunsa ana ba shi albashi don ya bi fata da gudu. Mutanen wancan lokacin ma sun yi mamakin.

Sahabi ɗan Tsafe ne. Tun yana ƙarami babu mai kayar da shi a langa, a kan ƙafa ɗaya yake tarwatsa samarin unguwa guda. Da ya girma ya zo Gusau dakon gyaɗa a wani kantin Turawa. Akawunan kantin, mutanen kudu, sukan buga ƙwallo ran Asabar da yamma a bayan rumbunan gyaɗa. Wata Asabar mutum ɗaya ya kasa musu, aka jawo ɗan dako ya cike gurbi. Ba takalmi, ba sanin doka. Ya ci uku.

Washegari Baturen kantin ya sa aka ba shi kaki, aka ce shi ne mai gadin sikeli. Sikelin nan kuwa da ma yana da masu gadi biyu. Aikin Sahabi shi ne ya ci ya ƙoshi, ya huta, ran Asabar ya kunyata 'yan reluwe. Shekara biyu yana wannan aiki, har masu tallan fura suka saka shi a waƙa.

Da kakar bara ya biyo motar awo zuwa Bungudu, ya sayi ƙuli-ƙuli hannun wata bazawara da mijinta ya rasu, ya dawo sau bakwai yana cewa bai ƙoshi ba. Ita ce Saude. Ubanta ya ce wasa ba sana'a ba ce. “Jarinsa duka ƙafa ce,” in ji shi, “ni kuwa na san ƙafa.”

Da 'yan reluwe suka gaji da kunya, sai suka kawo wani maƙeri mai takalmi da ƙusoshi. Bai iya ƙwallo ba, ba kuma don ita aka kawo shi ba.

*

Zakaran ja ne, ɗaya daga cikin biyu da kaza guda ta ƙyanƙyashe. Ɗan'uwansa yana gidan gwaggon Saude, bayan kasuwa. An kife zakaran ɗorin da kwando a zaure, daidai inda Sahabi zai hango shi daga shimfiɗarsa. Kullum da safe Saude takan ɗauke shi zuwa cikin gida, ta ba shi tsaba da ruwa, ta mayar.

Kwana ashirin, ƙafar zakaran tana nan a naɗe. Ko yunƙurin sauke ta ba ya yi.

“Yau ma bai taka ba?” Inna Hanatu, mahaifiyarta, ta tambaya tana tankaɗe.

“Ya motsa ta kaɗan.”

“Ƙarya kike, ina kallo. Saude, ni na haife ki. Shekara uku kina gidan nan. Mas'udu ɗan yayana ne, rumbunsa huɗu, tun da matarsa ta rasu bai kalli kowa ba sai ke. Ya jira iddarki, ya ƙara da shekara biyu. Mi ya yi miki?”

“Bai yi mini komai ba, Inna.”

“To wancan da ke kwance mi ya iya? Ya taɓa riƙe fartanya?”

“Zai koya.”

“Da gemu? Mutumin da ya saba a tafa masa ne zai zauna da ciyawa? Ciyawa ba ta tafi, ɗiyata.”

Hawaye suka zubo wa Saude. “Na gaji, Inna. Ku bar ni.”

“Ni ma na gaji. Kowace sa'arki tana ɗakinta, ke kina nan kina gadin zakara.”

Da la'asar Mas'udu ya zo. Mutum ne mai jiki, marar yawan magana, hannunsa kamar faifai. Ya leƙa ɗakin majiyyata ya ajiye ƙwaryar zuma.

“Sannu da jiki, ɗan Tsafe.”

“Yawwa, sannu. Ka zo duba ni, ko ka zo duba zakara?”

“Ku biyu. Amma shi ya fi ka kyan gani.”

Suka yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Da ya fito ya tarar da Saude tsaye a ƙofar shiga gida, ta ja mayafi.

“Ban zo in matsa miki ba,” in ji shi. “Kwana goma sha takwas ya rage, na san kin ƙirga kamar yadda na ƙirga. Kullum in na yi salla nakan ce Allah shi ba bawan nan lafiya. Sai in tashi ina tambayar kaina ko da gaske nake.”

“Yaya Mas'udu, don Allah ka nemi wata. Mata ba su ƙare ba.”

“Na gwada. Ƙafata ce ke kawo ni nan.” Ya kalli kwandon. “Ke kika ce kin yarda da sharaɗin, ba ni ba. In ya taka, wallahi ni zan kawo gudunmawar hatsi. In bai taka ba, ki zo da fuskar da kika ga dama, zan yi haƙuri da ita.”

Ya sa takalminsa ya tafi. Da ma mugu ne, da abin ya zo mata da sauƙi.

*

Kwana biyu bayan haka aka aiko daga Magami: rijiya ta rufta da mahaƙa uku, an ciro su da rai amma ƙasusuwa sun tafi. Malam Labbo ya ɗaura wa jaki kayan ɗori.

“Aikin zai ɗauke ni kwanaki,” ya ce wa Sahabi daga bakin ƙofa. “Zan dawo kafin wata. Idonka ga zakara.”

Saude ta bi jakin da kallo har ya sha kwana. Ta koma ta ɗaga kwando. Zakaran ya rame, yana kwance a gefe guda, ƙafar a naɗe kamar ranar farko. A ganinta wannan ƙafa ba za ta sauka ba ko da watan azumi uku za a jira. Sahabi kuwa kumburi ya saɓe, yana motsa yatsu, yana cin tuwo kamar mai noma. Mutum ya warke, tsuntsu ya ƙi. Don tsuntsu za ta tafi gidan da ba ta so?

Da safe ta saka shi a cikin masaki ta rufe da zane, ta ce za ta kai wa gwaggo mai. Ko tsumman ba ta kwance ba, tsoron abin da za ta gani take yi. Ta ce wa gwaggon wai majiyyaci ne ke son romo, a yanka mata wannan, a ba ta jan nan na gidan ta maye gurbinsa. A bayan rumbu ta ɗaure wa lafiyayyen kara da tsumma daga kayan ubanta, yadda ta saba gani.

Da hantsi ta kife shi a zaure, ta shige gida.

Ba a jima ba ta ji muryar Sahabi.

“Jama'a! Wa ke kusa? Ku zo ku gani!”

Zakara yana tsaye cikin kwando da ƙafa biyu, yana caccakar tsumma. Maƙwabta suka cika zaure. Aka ɗaga kwandon, ya taka, ya taka, ya karkaɗe fiffike ya yi cara.

“Hannun Malam Labbo ke nan,” in ji wani tsoho. “Kwana ashirin da uku!”

Sahabi ya dafa bango ya miƙe. Da ya sauke ƙafar, wani abu ya soke shi tun daga ƙwauri har tsakar ka. Ya cije. Zakara ya taka, wane ne shi da zai ce ƙashi bai kama ba? Ya ce wa kansa tsamin kwanciya ne.

Ran Juma'a ya taka har masallaci da sanda, liman da jama'a suka shaida. Aka ce da zarar Malam ya dawo za a shafa fatiha. Mas'udu ya aiko da damin gero biyu, bai zo da kansa ba.

Da a nan abin ya tsaya, da ƙarya ta yi 'ya'ya sau ɗaya a duniya.

*

Ran Alhamis ta sama motar gyaɗa ta tsaya ƙofar gida, Dogo ya diro. Shi ne helman 'yan dako a kantin, shi ke tara 'yan wasa, shi ke kai wa Bature labari.

“Kai, ango! An ce ka tashi, na ce sai na gani. Ashe har ƙiba ka yi.”

“Tuwon surukai ne.”

“Ci abinka. Mu dai Asabar huɗu ana yi mana wanka. Jibi kuwa manyan reluwe za su zo daga Zariya, an sa kujeru, an yi wa fili farar ƙasa. Bature ya ce in tambaye ka.”

“Na bari, Dogo. Na yi alkawari.”

“Na ji. To ba ni kakin in kai wa wani.” Ya zauna ya ɓare goro. “Maƙerin nan dai yana yawo kasuwa da takalmin a rataye a wuya. Ya ce da ƙafa guda ya mayar da ɗan Tsafe gidan mata yana kiwon kaji. Masu furar nan ma sun sake waƙa. Ba zan faɗa maka ba, kana jinya.”

Dogo ya ƙara matsowa kusa da shi.

“Ba gudu za ka yi ba. Ka tsaya gaba kawai su gan ka, gwiwarsu ta yi sanyi. In an tashi ka miƙa wa Bature kakinsa da hannunka, a ce ka bari, kada a ce an kore ka. Mota za ta dawo da kai kafin magariba. Tsohon yana Magami, wa zai kai masa?”

Da motar ta tafi, Saude ta fito daga bayan zana. Duk ta ji.

“Ba za ka tafi ba.”

“Sau ɗaya ne, Saude.”

“Ka yi wa Baba alkawari yana riƙe da ƙashinka.”

“Na yi, zan kuma cika. Daga Lahadi ni manomi ne har in mutu. Amma ki bar ni in fita ta ƙofa. Kin san mi nake kafin tamaula? Jaki mai ƙafa biyu. Buhu a ka tun safe, ba wanda ya san sunana, sai ‘kai, ɗan dako’. A filin nan ne aka fara kirana Sahabi. In na koma gona yanzu, surukin maɗori ne sunana, wanda maƙeri ya karya.”

“Ni na san sunanka. Bai ishe ka ba?”

“Ya isa. Sai dai ke kaɗai ce, su kuwa gari ne.”

Ta durƙusa a bakin ƙofa, kuka ya ƙwace mata. “Kana ɗingishi, ina gani. In ka juya baya kana cije leɓe. Don girman Allah ka zauna.”

“Tsamin jiki ne. Zakara ya taka.”

“Bai taka ba.”

“Kamar ya bai taka ba? Ga shi can yana bin kaji.”

“Ba shi ba ne.” Ta rufe fuska da mayafi. “Na gwaggo ne, ɗan'uwansa. Ni na ɗaure masa kara. Naka bai taɓa sauke ƙafa ba, na ga kwana na tafiya, na ji tsoron gidan Mas'udu. Na sa an yanka shi. Romon da ka sha ran nan, shi ne.”

Sahabi ya tsaya yana kallonta. Sai ya fashe da dariya, har da riƙe ciki.

“Kai, mata! Yanzu kika ƙera wannan?”

“Wallahi tallahi gaskiya nake faɗa maka.”

“Daina rantsuwa. Ke da ko ƙuli ba ki iya rage wa mai saye, ke ce za ki yi wa ubanki haka? Na san don kina sona ne. Amma ki nemi wata dabara, wagga ba ta kama ba.”

“Je ka tambayi gwaggo!”

“Ita ma ai taki ce. Saude, dubi nan.” Ya jefar da sandar, ya tsaya a kan ƙafar ita kaɗai kamar mai shirin langa. Jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya keto masa, amma ya tsaya. “Ƙashin da bai kama ba zai ɗauki wannan?”

“Zauna, na roƙe ka, zauna!”

“In na dawo zan zauna har ki gaji da ganina.”

Ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ta ce za ta faɗa wa Inna, za ta faɗa wa liman. Ya ce ta faɗa, in ta shirya gari ya ji cewa ɗiyar maɗori tana wasa da ɗorin ubanta. Ba ta faɗa wa kowa ba. Wanda ya saba a gaskata ƙaryarsa ba ya shan wahala irin ta wanda ya yi guda ɗaya tak, ya dawo yana roƙon a yarda ya yi ta.

Ran Asabar da hantsi motar ta dawo. Sahabi ya fito cikin kaki.

*

Waɗanda suka je sun ce Gusau ba ta taɓa tara mutane a filin nan kamar ranar ba. Da aka hango shi, ihu ya tashi har dawakin Turawa suka firgita. Ya ɗaure ƙwaurin da rawani tamau. Ya tsaya gaba kamar yadda Dogo ya ce, 'yan reluwe biyu suna gadinsa, sauran 'yan kanti suka samu hanya suka ci ɗaya.

Da ya tsaya a haka, da wataƙila ya koma da ƙafarsa. Amma bayan an juya, ƙwallo ta gangaro gabansa ita kaɗai, ga maƙeri yana tahowa, ga jama'a suna kiran sunansa. Ya manta. Ya kauce wa maƙerin yadda ya saba, ya dasa ƙafar jinyar, ya buga da ɗayar.

Ƙwallon ta shiga. Maƙerin ko taɓa shi bai yi ba. Na kusa sun ce ƙarar kamar an taka busasshen kara.

Motar da ta kai shi ita ta dawo da shi. Jakin Malam Labbo yana ɗaure ƙofar gida, ko kayan ba a sauke ba.

*

Tsohon ya kwance rawanin, ya daɗe yana laluben ƙashin. Wannan karon bai karye biyu ba, ya farfashe ne a inda ya fara kamawa.

“Zai haɗu,” in ji shi. “Amma gajere, kuma a karkace. Kai da sanda har kabari.”

Zaure ya cika da mutane, ana ƙus-ƙus. Liman ya yi gyaran murya.

“Malam, laifin yaro a fili yake, ya saɓa alkawari. Amma jama'a na tambaya. Da idonmu muka ga zakara ya taka. Tun zamanin mahaifinka ba mu taɓa jin zakaran gidan nan ya taka ƙashi bai kama ba.”

“Ku kamo mini shi.”

Aka kamo. Malam Labbo ya warware tsumman, ya bi ƙafar da babban yatsa daga sama har ƙasa. Santsi, babu ƙulli, babu alamar ta taɓa karyewa. Ya dubi ɗaurin, ya gane karansa, ya gane ba hannunsa ba ne. Ya ɗaga kai wajen ƙofar cikin gida, inda gefen wani mayafi ke rawa.

Ya saki zakaran.

“Kuskurena ne,” in ji shi. “Hannu ya tsufa.”

Ɗaya bayan ɗaya mutanen suka nemi takalmansu.

Da zaure ya watse ya shiga gida. Saude ta zube gabansa ta kama ƙafarsa.

“Baba, ni ce. Ka fita ka faɗa musu ni ce.”

“In faɗa musu, wa zai ƙara cin abin hannunki a garin nan? Tashi.” Ya zauna a kan turmi kamar wanda aka zare wa laka. “Kin kwance tsumman na farin?”

“A'a.”

“Da kin kwance da kin ga zare. Ni ke ɗaure ƙafar a naɗe. Ƙashin zakara ba ya wuce kwana ashirin, ya warke tun kafin in tafi. Zakara ba ya warkar da kowa, Saude. Namiji ne ba ya jin maganar maɗori, da ya ji sauƙi sai ya tashi. Amma yana jin ta zakara. Sai na taɓa ƙashin mutum na ji ya kama nake tsinke zaren. Haka ubana ya koya mini, ɗa namiji ake gaya wa, ni kuwa Allah bai bar mini ko ɗaya ba.”

Inna Hanatu ta ajiye ludayi.

“Don shi na baro Magami ban gama ba,” ya ci gaba. “Na ƙirga, ana saura kwana biyu wata ya tsaya zan tsinke. Da ya taka masallaci da ƙafa sosai. Tun ran da ya ciji tsumma bai zagi kowa ba na ce yaron zai yi.”

Saude ta ɗora hannu biyu a ka.

“To yanzu sai a aika wa Mas'udu,” in ji Inna a hankali. “Sharaɗi ya warware.”

“Ya warware. Shi ya karya nasa, ita ta karya nawa. Amma Mas'udu bai yi mini laifin da zan ba shi ita ba.” Ya dubi ɗiyarsa. “Wanda kika gurgunta, ke za ki ɗauke shi. Kai masa ruwa.”

Ta shiga ɗakin da ƙwarya a hannu. Sahabi yana kwance, fuskarsa ga bango.

“Ashe gaskiya kika faɗa,” in ji shi, bai juyo ba.

“Na faɗa.”

“Ta shiga kuwa. Kin ji an ce ta shiga?”

“Na ji.”

Ta tallafi kansa ya sha.

*

Bayan salla aka shafa fatiha, ango yana zaune a kan tabarma da ƙafa a miƙe.

Kanti ya ci biyu da nema, Baturen ya yi mako guda yana fara'a, bai tambayi inda aka kai mai gadin sikelinsa ba. Dogo ya samo wani ɗan dako daga Wonaka, kakin ya zauna masa daidai. Mas'udu ya yi fushin wata uku, ya auri wata mai sonsa, ya yi ƙiba. In ana lissafin waɗanda suka ci riba, da shi za a fara, ko da yake shi bai taɓa yarda ba.

Saude ta samu mijin da ta so. Ita ke noman gonar bakin gulbi da 'yan ƙodago, ita ke matsar mai, shi yana zaune ƙofar gida yana tufkar igiya. Ba ya yi mata gori, ita ma ba ta yi masa, kowa ya san rabonsa a cikin ƙafar. Ran Asabar da yamma ne kawai ba ya son a yi masa magana.

Wanda ya yi asara ba tare da ya taka fili ko ya taɓa kwando ba shi ne Malam Labbo. Labari ya kai Magami, ya kai Tsafe, cewa zakaransa ya yi ƙarya. Masu karaya suka riƙa wuce ƙofarsa a kan jaki, suna gaishe shi, su nufi wani gari. Ya yi shekara shida yana amsa gaisuwar, bai taɓa gyara zancen ba.